Curfew ɗin Inna

Jiya bayan isha'i Inna ta ɗebo toka ta rufe garwashin da Nura ke dafa shayi a kai. Nura ɗan yayata ne, ya tsallako iyaka ya zo mana Gidan Sori daga Katsina.

Ya yamutsa fuska. "Kawu, har a ƙauye ma akwai curfew?"

Na ce, "Ka san abin da ka faɗa kuwa? Ingilishi aron kalmar ya yi daga Faransancin da kake mana ba'a da shi. Couvre-feu, wato rufe wuta. A da can, in dare ya yi sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya binne wutarsa kada gari ya ƙone. Daga baya masu mulki suka mayar da ita dokar hana fita."

Inna ta nuna rumbunmu da haɓa. "Mai gidana, hatsin shekara ne a ciki, ga iska. Shayinka ya jira safiya."

Ni ban taɓa son curfew ɗin masu bindiga ba. Amma na Inna, ko gwamna ne ya kwana gidanmu sai ya bi.

Ku a gidanku, wa ke rufe wuta?