Tulun da Yaya Sani yake fasawa

Jikana ya fasa kofi ɗazu, uwarsa ta zabura za ta mare shi, na riƙe hannunta. Yayana Sani na tuna.

Muna unguwar Mafoni lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Yaya Sani ya addabi gida: yau ya fasa tulu, gobe ya ciji ɗan maƙwabta. Ya sha duka har Baba ya gaji.

Sai aka kira Ya Falmata, wata tsohuwa da ake kai wa kukan yara masu ƙiriniya. Ta wuni a gidanmu, amma Inna kawai take kallo.

Da la'asar ta ce, "'Yata, tun safe ban ji kin yi masa magana ba."

Inna ta sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne, Iya. Da kunya."

"Shi ina ya san kunya? Abin da ya sani, sai tulu ya fashe kike dubansa."

Har Inna ta rasu ba ta faɗi sunansa ba, amma ta koma zaunar da shi bakin murhu suna hira. Tulunmu ya huta.

Ku fa, yaushe rabonku da kiran yaro ba don faɗa ba?