Sandar Awon Ƙofar Sito

Har yau idan na ji an ce malamai su zauna su yi aiki tare, sai raina ya ɓaci, don ina tuna abin da irin wannan zama ya jawo a makarantar koyon sana'a da na fara koyarwa a Suleja. Shekarun ne da gwamnati ta tare a Abuja. Gari ya cika ya batse, kuɗin haya ya ninka, duk wanda ya iya riƙe guduma ko cokalin gini yana hawa bas da safe ya tafi can neman aiki. Mu da muka rage a makaranta kashi biyu ne, masu takarda da masu hannu. Ni ina cikin masu takarda. Na fito kwaleji da shaidar aikin ƙarfe, ina koyar da walda, shekarata ashirin da bakwai, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni.

Wadda ta kawo maganar zaman wata malama ce 'yar Filato mai koyar da zanen gini, muna ce mata Madam. Ta je wani kwas ta dawo da tunanin cewa kowace Laraba bayan azahar mu malaman sana'a mu haɗu a ɗakin zane, kowa ya kawo abin da zai koyar a mako, sauran su duba su gyara masa. Shugaban makaranta ya amince. Abin da Madam ba ta lura da shi ba shi ne, mu mutane ne da ko zarto ba ma ara wa juna. Kowa makullin akwatin kayan aikinsa yana aljihunsa, har masallaci da shi yake zuwa.

A zama na biyu na fara karo da Baban Gini. Haka ɗalibai ke kiran malamin da ke koya musu gini, mu ma muka ɗauka. Ya haura hamsin, gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. Bai yi boko mai nisa ba, a hannun magina ya tashi. Shekara tara yana koyarwa amma ba a tabbatar da shi a aiki ba, duk shekara sai an sabunta masa takarda. Abokansa sun sha ce masa ya bi su Abuja, can kuɗin yake. Ya ƙi, wai yana son ranar da ƙarfinsa zai ƙare ya samu fansho da zai riƙe iyalinsa a unguwar Kurmin Sarki.

Ranar na kawo darasina a rubuce, shafi uku da Turanci, tare da ƙarfe biyu da na haɗa da walda don misali. Ina cikin bayani Baban Gini ya miƙo hannu ya ɗauki ƙarfen, ya juya shi, ya ɗaga ya maka shi a gefen teburi. Sai ya rabu biyu.

"Malam," ya ce, "wutarka ba ta shiga ba. Shafa kawai ka yi a sama. A takarda dai ya yi kyau."

Ɗakin ya fashe da dariya, har da malamin lantarki da nake ganin abokina ne. Gaskiya Baban Gini ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da mako ya zagayo na rama. Na karɓi takardar darasinsa na karanta a fili da ƙarfi, ina tsayawa a kan kowane kuskure, sannan na tambaye shi ko wace ce a gidansa take da irin wannan kyakkyawan rubutu, tunda kowa ya san 'yarsa ce ke rubuta masa. Ya karɓi takardarsa ya naɗe ya sa a aljihu. Daga ranar gaisuwa ta yanke a tsakaninmu, in ya zauna gabas sai in zauna yamma.

Madam ta ga zaman yana neman zama filin dambe, sai ta kawo dabara. Makaranta tana bukatar ɗan sito na ajiye siminti da kayan aiki. Ta ce mu gina shi tare da ɗalibanmu. Ita za ta zana, Baban Gini ya yi gini, malamin kafinta ya yi rufi, ni in ƙera ƙofar ƙarfe. Shugaba ya ƙara da cewa ƙarshen zango mutanen ma'aikatar ilimi za su zo daga Minna, zai nuna musu siton, kuma a ranar zai miƙa musu takardar neman a tabbatar da Baban Gini. Duk wanda ke ɗakin ya ji wannan, ni ma na ji.

Da gini ya kai tsawon ƙofa, wata safiya na tarar da sandar gora jingine a bakin ɗakin walda, an yanke ta sumul, da tsaga ɗaya a jikinta. Baban Gini yana tsaye nesa kaɗan, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ga awon ƙofarka nan, Malam. Tsawon sandar tsawon ƙofa, zuwa tsagar kuma faɗinta."

Haka maginan gari suke yi da masu walda tun can. Ba sa aika lamba, sanda suke yankewa. Ni kuwa gani na yi raini ne. Ni da tef da takardar shaida za a aiko wa kara kamar mai awon gona? Yana juya baya na wurga sandar bayan ɗaki, wajen tankin ruwa. Na ɗauki tef ɗina na je na auna bakin ƙofar da kaina, bulo zuwa bulo, na rubuta, na ga ya yi daidai da lambar da ke zanen Madam. Na ƙera ƙofa mai kyau ƙwarai, wannan karon wuta ta shiga, don da haushinsa na yi ta.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne filasta. Bulo tsirara na auna. Shi kuwa da ya yanke sandarsa ya riga ya cire kaurin filastar da zai shafa, yatsa guda a kowane gefe, da kuma daɓen ƙasa. Duk magini ya san wannan, haka duk mai waldar bakin titi da bai taɓa shiga aji ba. Madam ma ta manta ba ta nuna shi a zane ba.

Mun makara da aikin saboda rashin wuta, sai ana gobe baƙi za su zo muka ɗauko ƙofa. Ɗalibai suka ɗaga ta, ta ƙi shiga. Aka juya, aka karkata, ina! Ta fi bakin faɗi da yatsa biyu. Ina ganin filastar da aka shafa a bakin na gane abin da ya faru tun kafin kowa ya buɗe baki.

Shugaba ya tara mu a ɗakin zane yana huci. Na riga kowa magana. Na shimfiɗa zanen Madam, na ɗora takardar awona a kai, na ce a duba, lamba ɗaya ce. Wanda bai bi zane ba shi ya ɓata aiki.

"Na ba shi sanda, ranka ya daɗe," in ji Baban Gini.

Madam ta juyo ta dube ni. "Malam, ina sandan da Baba ya ba ka?"

"Wace sanda kuma, Madam? Ni da tef nake aiki. Nan makaranta ce, ba bakin kasuwa ba."

Ban ce bai ba ni ba, na dai san yadda na tsara maganar. Shugaba ya juya kan dattijon, ya ce shekara nawa ana gaya masa ya koyi karanta zane, yanzu ga shi zai ba shi kunya a gaban manya. Malamin kafinta ya san yadda ake awon sanda sarai, amma ya sunkuyar da kai, don shi ma yana da tsohuwar ƙullalliya da Baban Gini a kan katakon dandamali. Babu wanda ya tsaya masa. A lokacin daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Rage ƙofar ƙarfe sai da wuta, wuta kuwa babu. Washegari da safe Baban Gini ya ɗauki guduma ya farfashe filastarsa da hannunsa, wadda ya kwana uku yana gogewa har tana sheƙi. Ƙofa ta shiga. Baƙi suka iso suka tarar da bakin sito a ɓarke, buraguzai a ƙasa, dattijo tsaye da ƙura har gira. Suka yaba ƙofata. Shugaba bai fito da takardar daga jaka ba, kuma da shekara ta ƙare ba a sabunta masa ba. Madam ta daina kiran zaman Laraba, ni ma ta daina amsa gaisuwata fiye da "lafiya."

Bayan wata huɗu na je tasha da safe zan shiga motar Abuja. Na hango shi a cikin leburorin da ke jiran bas, cokalin gini da igiyar awo a cikin buhun siminti. Ya rame. Na so in kauce, amma ya riga ya gan ni. Na ƙarasa na rusuna.

"Baba, ina kwana? Yaya aiki?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, bai amsa gaisuwar ba.

"Tana nan gindin tankin ruwa," ya ce. "Na gan ta tun ranar da ka jefar. Ranar da aka tara mu ma na bi ta wajen na gan ta."

Na ce, "To me ya sa ba ka ɗauko ta ba, Baba?"

"In na ɗauko, cewa za a yi yanzu na yanke ta. Kai kaɗai za ka kawo ta a yarda. Har gari ya waye ina jira, har na ɗauki guduma ina waiwayen ƙofar ɗakin waldarka."

Bas ta tsaya, mutane suka yi caa a kanta. Ya saɓa buhunsa, ya kutsa cikin samari 'yan shekara ashirin yana neman wurin da zai sa ƙafa. Ni kuma na tsaya nan har motar ta bar tasha, ban ce masa ya yafe mini ba.