Kamu Ɗaya a Rana

Shekarar da na bar koyarwa a Funtuwa na koma ƙauyenmu, ɓeraye da ƙwari ne suka yi mini maraba. Dawar da na jibge a ɗakin siminti ta zama gari tun damina ba ta faɗi ba. Haushi ya ishe ni, na rantse bana sai rumbu, irin wanda na taya mahaifina ginawa a da, na kuma manta sarai.

Mutum ɗaya ya rage mana da ya iya: Kawu, ƙanin mahaifiyata, tsoho mai rawar hannu da kaifin baki. Da na roƙe shi ya koya mini, ban rufe baki ba ya ce to. Na yi mamaki, don Kawu ko gaisuwa sai ya ja rai yake amsawa.

Ya zauna a inuwar ɗorawa yana ba da umarni. Na jera duwatsu, na kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, na tattake, ta kwana uku.

"Malam, kamu ɗaya na laka za ka ɗora a rana," in ji shi. "Ka bari ya sha iska, gobe ka ƙara."

"Kawu, dawa ta kusa yanka fa."

"Ƙasar za ka gaya wa."

Ranar kasuwar Bakori ya tafi sayen goro. Ni kuwa tsohon malamin lissafi, na ga kamu uku a yini ai ribar kwana biyu ce. Na ɗora. Ina ja da baya ina yaba kaina, sai cikin rumbun ya fara kumbura. Kafin in ce wani abu ya zauna daɓas, da takalmina ɗaya a ƙarƙashinsa.

Kawu ya dawo, ya zagaya tarin lakar sau biyu.

"Sannu da aiki, Malam. Na zamani ke nan? Ta ina ake zuba dawar?"

Na ji kamar in nutse. Sauri ya haifi nawa, muka koma farko, kamu ɗaya a rana, ina haɗiye fushi. Da ƙyar muka ɗora jinka ranar da aka kawo dammunan farko. Rumbun ya ɗan karkata gabas, amma ya tsaya.

Kawu ya shafa bangon da tafinsa. Sannan ya ja ni bayan gidansa, ya yaye wata tsohuwar zana. Nasa rumbun ne, a tsage daga sama har ƙasa.

"Damina biyu ke nan," ya ce. "Hannun ya daina jin magana, kunya kuma ta hana ni faɗa. Don kaina na koya maka."

Tausayinsa ya kama ni. Washegari na kai jar ƙasa gidansa. Daga kan tabarma ya ɗaga mini yatsa ɗaya mai rawa.

Na ce, "Na sani, Kawu."