Mashigin Hajiya

Ina naɗe yadi a shagon kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, a kasuwar Bab Makka ta Jidda, bayan la'asar, wani tsoho cikin alhazan bana ya tsaya taya atamfa. Tafin hannunsa duk kanta, irin na masu jan koma. Na tambaye shi garinsu. Ya ce shi masunci ne, daga inda kogin Shari ke rarrabuwa kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Sai na ajiye yadin.

A can mahaifiyata ta rasu, ina da shekara huɗu, muna hanyar Makka a ƙasa. Zazzaɓi ya kama ta a kwalekwale, aka binne ta a gaɓar wani siririn mashigi tsakanin tsibirai biyu. Mahaifina yana kiran wurin Maƙogwaro, saboda ƙuncinsa, wai jirgi biyu ba sa giftawa. Shekara talatin yana tambayar alhazai a tashar jiragen ruwa ta Jidda, babu wanda ya san sunan. Da aka ce tafkin ya janye, sai ya daina tambaya. Ya rasu yana ganin kabarin ya ɓace.

Na ce, "Baba Alhaji, ka san Maƙogwaro?"

Ya yi dariya. "Kai ɗan nan, wa ya ba ka wannan tsohon suna? Kakana ne ke faɗin haka. 'Yan ƙabilar Kotoko suna da nasu sunan, Faransawa ma sun rubuta wani a takarda, ba mai amfani da shi. Mu dai Mashigin Hajiya muka sani."

"Wace hajiya?"

"Wata baiwar Allah ce mai niyyar Makka, ajali ya tare ta a nan. Ruwa ya ja baya, yanzu masara ake shukawa, amma ba a sa fartanya a tudunta. In za mu wuce mukan yi mata fatiha."

Na ce masa ba ta iso ba, ko Sudan ba ta gani ba.

Ya dube ni sosai, ya sauke murya. "To mu dai Hajiya muke ce mata."

Na shiga bayan shago na wanke fuska. Da na fito na roƙe shi ya zana mini hanyar, ya zana a bayan kwalin yadi: kogi, rassa uku, na tsakiya ne.

Kwalin yana cikin akwatina a unguwar Aziziyya, inda nake zaune. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je maƙabarta na yi wa mahaifina addu'a da zuciya a sake. Mashigin kuwa har yau ban je ba.