Fatar Dorina a Ƙafar Motar Likita

Na shafe rayuwata ina kwanciya a ƙarƙashin motoci, yawancinsu ko launinsu ba na iya tunawa. Amma akwai guda ɗaya, da wata tafiya da muka yi a cikinta zuwa Argungu, da ba za su fita raina ba sai ranar da na daina numfashi.

Zamanin Turawa ne, ina makanike a garejin En'e na Birnin Kebbi. Akwai wata Baturiya likita a asibitin garin, tana da wata 'yar koriyar mota marar rufi, kujera biyu kacal, ga ta ƙasa-ƙasa, har mutanen gari suka laƙaba mata suna Kwaɗo. Ta mahaifinta ce, ta taho da ita ta jirgin ruwa, don haka ko a lokacin ta kwana biyu a duniya. An ƙera ta don tsere a kan kwalta, sai ga ta a gargadar hanyoyinmu. Ba a jima ba ƙafafun gaba suka fara ƙara, sitiyari yana fizge hannu, mota tana tafiya kamar ta sha wani abu.

Muka ɗora ta kan kututture a inuwar bayan asibiti, muka warware gaban gaba ɗaya. Na ce muka, domin likitar nan da ta tashi aiki sai ta naɗe hannun riga ta shigo giris tare da ni. Da na ga cikin aikin, sai na tsaya ina mamaki. Kowane ƙarfe an goge shi sumul, an daidaita shi da ɗan'uwansa, alhali wuri ne da ba mai ganinsa sai laka. Muka canza ƙusoshin da ƙafa ke juyawa a kansu, don ta zo da sababbi, muka wanke sifirin falle-falle, muka ɗura wa shakazoba mai. Saura bushin, wato robobin da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a bakin sifirin. Sun zama gari. Ta aika Ingila, muka zauna jira.

A lokacin matata tana Argungu wurin iyayenta, ta je goyon ciki, haihuwar fari. Da na je duba ta, sai na yi ta mitar robobin nan a gaban surukina, tsohon masunci wanda bai taɓa shiga mota ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani guntun abu baƙi, mai kaurin tafin hannu.

Ya ce, "Hwatar dorina ta. Wurin baba nig gaje ta. Ka yanke, ka huda, ka dahwa ta cikin man kaɗe don kar ruwa shi shige ta. Abin da mashi bai huda ba, hanyar Birni ba ta cinye shi."

Na karɓa don kunya, ina dariya a zuci. Amma da na dawo na gwada, sai da zarto ya yi zafi kafin ya ratsa ta. Na fitar da su daidai awon tsofaffin, na nuna wa likita. Ta jujjuya ɗaya a hannu, ta yi murmushi, ta ce mu dai jira na Ingila.

Wata safiya a ƙarshen damina sai ga wan matata a kan keke, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya ce tun jiya take naƙuda, ungozoma ta yi iyakar yinta, yanzu ko magana ba ta iya yi. Motar asibiti ta tafi rangadi, babbar motar haya kuwa sai ranar kasuwa. Abin da ya rage a garin nan sai Kwaɗo, ga ta can a kan kututture ba ƙafafu.

Na ruga wurin likita na faɗa mata. Ta dube ni, ta dubi motar, ta ce da gurguwar Hausarta, "Kawo fata naka."

Ban taɓa aiki da tsoro irin na ranar ba. Ina buga fatar da guduma tana shiga da ƙyar, ita tana riƙe da sifirin. Da na ɗauki sifana zan ɗaure notuna, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce a'a, sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta tukuna, in ba haka ba za su murɗe su yage a hanya. Na ji kamar in yi kuka don sauri, amma na bi maganarta. Muka sa ƙafafu, muka sauke, na kwanta a ƙasa na ɗaure. Ta jefa jakar aikinta a cinyata, muka kama hanya.

Wanda ya san hanyar Argungu ta wancan lokaci ya san abin da nake nufi. Da muka shiga gargada na rintse ido ina jiran ƙarar da na saba ji. Shiru. Ta ƙara taka mai, motar ta miƙe kamar tana bin saman ruwa. Na leƙa gefe, na ga ƙafar gaba tana hawa tana sauka kamar taɓarya, amma mu a ciki ko girgiza ba ma yi. Gonakin shinkafa suna wucewa kore shar, masu tsaron tsuntsu suna sakin majajjawa suna kallonmu. A wani wuri ruwa ya zaftare hanya, ba damar tsayawa. Muka faɗa, gaban ya nutse, na ce shi ke nan. Sai ta ɗago ta ci gaba, sitiyari bai ko motsa a hannunta ba. Na shiga tasbihi. Ƙarfen da wani ya goge a wata ƙasa, da fatar dabbar da ta mutu tun ban zo duniya ba, su ne suke ɗauke da ran matata.

Muka iske surukina a ƙofar gida, idonsa ya yi ja. Likita ta wuce ciki, mu kuwa muka zauna a zaure muna jira. Can bayan la'asar muka ji kukan jariri. Likita ta fito ta ce mace ce, uwa ma tana nan, amma da mun ƙara jinkiri da ba haka zancen yake ba.

Tsohon ya tashi a hankali, ya je ya durƙusa gaban motar, ya daɗe yana leƙen ƙasanta. Ya ce, "Ashe nan kas sa ta." Sai ya juya baya yana share ido da bakin riga.

Robobin Ingila sun iso daga baya. Likita ta ajiye su, ta ce ba mai taɓa mata fatar nan.

Tun daga ranar na gane cewa aikin da ido ba ya gani shi ne yake ɗaukar rai. Ban sake ɗaure noti da wasa ba, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna ya sha wannan faɗa, domin ba ka san wa zai hau abin da ka gyara ba. Ni dai ran 'yata ta fari ne ya hau nawa, tun kafin ta buɗe ido.