Tabon da Mai Sumul Ya Goge

A layin masu gyaran waya, a shagon da ke ƙarƙashin matakala, nan Mai Sumul ya yi shekara talatin yana ɗaukar hoto. Sunan ya bi shi ne don ba ya barin fuska yadda Allah ya yi ta. Ka shiga da ƙuraje, hotonka ya fito sumul. Tsoho ya karɓi nasa, ya yi ta juya shi yana tambaya ko na ƙanensa aka ba shi.

"Kyamara abin da ta gani take kawowa," in ji shi. "Ni kuwa abin da ya kamata a gani nake fitarwa."

Ga shi da wata ɗabi'a: da ya gama gyara a kwamfuta, sai ya goge asalin hoton. Wai shara ne, cika masa wuri kawai yake yi.

Matarsa tana da tabo a kumatu, tafasasshen mai ne ya fallatsar mata tun tana yarinya. Duk hoton da ya ɗauke ta, tabon yake fara sharewa. Ita kuwa sai ta duba ta ce, "Wannan kyakkyawar kuma 'yar gidan wa ce? Ka gaishe min da ita." Bawan Allah ya ɗauka yabo ne, har washe baki yake yi.

Wata biyu bayan rasuwarta, 'yarsu ta same shi a shago.

"Baba, hoton Mama nake so in rataya a ɗakina. Amma nata na gaske, mai tabon."

Ya bincike kwamfuta, ya zazzage akwatin tsofaffin hotuna. Hotunanta sun fi ɗari, ko ɗaya babu tabo. Kunya ta rufe shi. Duk wata mace ce da shi ya ƙirƙira, ba wadda ya zauna da ita shekara ashirin da takwas ba.

Tabon da yake gogewa cikin minti ɗaya, kwana uku ya yi yana mayar da shi. Ya zana, ya share, ya rufe ido yana neman fuskarta, ya sake zanawa. Da ya ga kamar ya yi, ya wanke hoton, ya sa a gilashi, ya kai wa 'yar har gida.

Ta daɗe tana kallo, tana shafa gilashin da yatsa. Sannan ta miƙo masa a hankali.

"Baba, ai a hagu yake."