Irin Gyaɗar Malama Barira

Shekarar Malama Jamilatu Ilu arba'in da shida. Malamar noma ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke wajen garin Rogo. A unguwar Yola ta Karaye aka haife ta, aure ya kawo ta nan, aiki kuma ya zaunar da ita.

Su biyu ne suke riƙe da darasin, ita da Malama Barira, 'yar garin Fulatan. Da aka kawo wa makarantar manhajar tsara ayyuka, sai aka ce kowane malami ya zuba aikin shekara a waya: sharar gona, shuka, noman farko, cirar gyaɗa, ajiyar iri. Kowane aiki da ranarsa, da mai yin sa, da gurbin bayani a ƙasa. Barira ba ta da haƙurin latse-latse, don haka gurabenta da murya ta cika su. Ta kan zauna gindin darbejiya, ta kara wayar a baki kamar mai raɗa.

"Ke dai ragguwa ce," in ji Jamilatu.

"Yaya, yatsun nan na tatsar nono ne, ba na danna gilashi ba."

Tsakiyar damina ciwon ƙirji ya kwantar da Barira. Ba ta tashi ba. Aka yi sadakar bakwai, aka koma aji, amma manhaja ba ta san mutuwa ba. Ranar maimai, wato noma na biyu, na zagayowa, wayar Jamilatu ta yi ƙara a ɗakin malamai, ga sunan Barira, ga hotonta. Ta taɓa, sai murya ta fito garau: "Yaya, a ce wa 'yan aji biyu kar su tara ƙasa a wuyan gyaɗa, ba dawa ba ce." A bayan muryar ana jin kukan kurciya da ihun ɗalibai. Malamin lissafi ya ajiye abin da yake ci, ya fita yana salati.

Tun daga nan Jamilatu take tsoron ƙarar wayarta. Ba ta taɓa buɗe aiki kafin ranarsa ba. In ya zo, sai ta tafi bayan gona ita kaɗai, ta saurara, ta yi mata addu'a, sannan ta aikata abin da aka ce. Gyaɗar kuwa ta yi kyau. Tsohon iri ne ja, wanda Barira ta kawo daga gidansu, kuma a makarantar babu wanda ya san yadda ake raya shi zuwa wata damina sai ita.

Bayan an cire an shanya, shugabar makaranta ta kira ta.

"Malama, za a rufe shafin marigayiya, muryoyin kuma da shi za su tafi. Abin da ya saura ki ji, ki rubuta."

Saura ɗaya ne, ajiyar iri. Jamilatu ta buɗe shi a tsaye. Tari ne ya fara zuwa, mai tsawo, sannan 'yar dariya. "Wannan ba ya faɗuwa a waya, Yaya. Bari na warware, sai na nuna miki da hannu."

Ta je ta duba buhunan gyaɗar a ɗakin ajiya. Ta san maganin ƙwari na bature, amma Barira ta sha cewa irin nan ba a taɓa sa masa ba. Ƙwari kuwa har sun fara huda na ƙasa.

Da Asabar ta zagayo, ta hau acaba zuwa Fulatan, da kwanon gyaɗa a cinya. Ta sami Inna Adawiyya, mahaifiyar Barira, tana wanke ƙwarya. Suka gaisa, suka sake yi wa juna gaisuwar rashi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"An ce maganarta tana cikin wayarki," in ji tsohuwar.

"Tana ciki, Inna. In kunna?"

Inna Adawiyya ta girgiza kai. "Bar ta ta huta. Miƙo min tulun can."

Ta tankaɗe toka mai sanyi, ta daka busasshen barkono a ciki, ta riƙa zuba gyaɗar da ɓawonta a tulun, shimfiɗar toka bisa shimfiɗar gyaɗa. Da ta kai rabi sai ta janye hannu.

"Ƙarasa, 'yata. Idona ba ya gani sosai yau."

Jamilatu ta durƙusa, ta cika tulun, ta kwaɓa laka ta liƙe bakinsa.